Muntari Akawu da Takardar Auna Hali

Muntari bai taɓa neman shiga jami'a ba. A 1979 shekararsa shida yana akawu a ofishin ɗaukar ma'aikata na wata masaƙa a Bompai. Kullum ya hawo kekensa daga Dakata, ya ratso tsakanin manyan motoci, ya zauna ya rubuta wanda ya zo da wanda ya makara. Ran nan manaja ya kira shi ya ce kamfani zai tura shi karatu, kwana uku a mako, ya koyo ilimin halayyar ɗan Adam, don a daina naɗa hedman, wato shugaban ma'aikatan sashe, da ka. Wanda manaja ya nuna ba ya cewa a'a.

Malamin darasin, ɗalibai suka sa masa suna Dakta Koma. Yakan shigo da wani tsohon littafin rubutu da ya dawo da shi daga Turai, ya zauna ya yi ta karantowa da Turanci suna rubutawa, har waƙafi sai ya faɗa: koma, koma. Wata Dorkas, nas ce a wata masana'anta a Challawa, takan sunkuyo ta ce wa Muntari, "Tun ɗazu ake cewa mu koma. Wai mu koma ina?" Ba a tambaya a ajin. Wanda ya ɗaga hannu, sai hannun ya gaji ya sauko da kansa.

Da shekara ta zo ƙarshe Dakta ya raba takarda mai tambaya arba'in, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa, ya auna mutane a wurin aikinsa. Amsa e ko a'a ce, kuma mai yawan e shi ne mai ƙarfin hali. Manaja na jin haka ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, da ita za a zaɓi hedman na ɗakin saƙa.

Mutum biyu ake dubawa. Baba Alhassan, shekara goma sha takwas a kan inji, da kunne yake gane wanda zarensa zai tsinke. Sai Ɗan'auta, shekara uku, baki kamar rediyo.

Ɗan'auta ko zama bai yi ba. "Akawu, zuba e har ƙasa, kada ka wahalar da biro."

Baba Alhassan ya shigo lokacin hutun azahar, auduga a gemunsa. Muntari ya fara karanto masa tambayoyin.

"Baba, kuna ganin kun fi abokan aikinku iya aiki?"

"Subhanallahi! Ni zan faɗi haka da bakina? Yabon kai jahilci, Malam Muntari."

"Ai kowa ya san kun fi su."

"To kowa ya faɗa. Ni rubuta a'a."

"In na gaba da ku yana magana, kuna kallon tsakiyar idonsa?"

"Wane ɗan halak ne zai zuba wa babba ido?"

Muntari ya ajiye biro. "Baba, ku bari in sa e. Hedman ɗin nan naku ne."

"Ka rubuta ƙarya ni kuma in dangwala hannu? A'a, ɗan nan. Abin da na ce, shi."

Washegari Muntari ya tare Dakta a bakin aji, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, wannan takarda tana kayar da masu kunya. A wurinmu kunya ba tsoro ba ce. Da za ku ɗan rubuta wa manajanmu haka, ko layi biyu..."

Dakta ya dube shi ta saman tabarau. "Akwai kunya a cikin abin da na karanto muku?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"An gwada takardar nan a kan dubban mutane kafin a haife ka. Ɗalibi ɗari biyu gare ni. Ka kawo mini lambobi ranar Litinin."

Muntari ya koma wurin manaja. Shi ma bai bari ya kai aya ba. "Mun tura ka ka koyo abu shekara guda, yanzu ka ce abin da ka koyo ba ya aiki? Ko karatun ne ya fi ƙarfinka?"

Aka ba Ɗan'auta hedman. Muntari ya ci darasin da kyau, manaja ya yi murna har ya sa aka buga takardar kwafi ɗari biyar. Daga ranar duk mai neman aiki ko ƙarin girma sai ya zauna gaban Muntari an auna shi. Shekara takwas yana wannan aiki, kuma babu wanda ya sake jin ya yi gardama a kai.

Can baya, ranar da sakamakon jarrabawar Muntari ya fito, Baba Alhassan ya leƙo ofis.

"Malam Muntari, an ce ka ci. Barka, Allah ya sa albarka."

"Amin, Baba."

"Wai ni me takardar ta ce a kaina? Ban taɓa tambaya ba."

Muntari ya daɗe yana gyara fayil a kan tebur. "Ta ce ba ku da ƙarfin halin shugabanci."

Tsohon ya jinjina kai. "To. Masu ilimi sun fi mu sani."

Jiniyar komawa aiki ta yi ƙara. Daga ƙofar ɗakin saƙa Ɗan'auta ya ɗaga murya: "Alhassan! Inji na tara ya tsaya, kana nan kana hira!"

"Ga ni nan, hedman," in ji Baba Alhassan, ya fita da sauri.