Kwanson Baba da Sabon Ido

Mahaifina maharbi ne, ko da yake tun kafin in yi aure ya rage shiga daji. Abin da bai bari ba shi ne kwanso. A bayan ƙofar ɗakinsa a Rano akwai buhun tsofaffin kwanson harsashi na tagulla, wasu shi ya tara, wasu abokan farauta suka bar masa. A gindin kowane kwanso akwai ɗan gurbi inda hula take zama, wato ɗan abin nan da yake kama wuta idan an harba. Wani gurbin babba ne, wani ƙarami, bambancin bai wuce na ƙwayar dawa da ta gero ba. Da hantsi Baba yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ajiye ƙorai biyu, ya yi ta warewa yana 'yar waƙarsa. In ya gama, taubashinsa na garin Fassi, wanda shi ne ya iya sake cika su, yakan zo ya kwasa.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Sai ya koma shafa gindin kwanson da babban yatsa. Taubashin nan ne ya tona shi. Wata ranar kasuwa ya sauka daga babur, ya kwance ƙulli, ya zazzage a gaban Baba yana dariya.

"Kai tsoho, wannan warewa ce ko dambu? Manya da ƙanana duk ka cakuɗa min su."

"Idonka ne ya mutu," in ji Baba. "Kai da ba ka bambance akuya da tunkiya."

Amma da baƙon ya tafi, sai na ga ya ɗauki kwanso ɗaya ya kai shi dab da hancinsa, ya juya wajen rana, ya daɗe, sannan ya ajiye. Na durƙusa na ce, "Baba, mu je Kano a duba idon nan." Ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido yana numfashi. Na yi lallashi har na gaji. Inna, mahaifiyata, ita ta karya shi. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, tunda ba ka gani, gobe zan kai buhun nan wajen maƙeri a narka a yi min awarwaro." Da asuba na same shi ya sa babbar riga yana jirana.

Washegarin aikin idon a Kano, da ma'aikaciyar asibiti ta cire audugar, Baba ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, yaushe ka yi furfura?"

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har waɗanda nasu idon yake a ɗaure.

Da muka dawo gida, maƙwabta suka cika zaure suna barka. Shi kuwa ko ruwa bai sha ba ya ce a miƙo masa buhu. Likita ya hana shi sunkuyo, don haka na ɗora faranti a kan turmi, na zuba masa. Ya ɗauki na farko, ya ɗaga shi nesa da fuskarsa, ya ce, "Ƙarami." Ƙwal, a ƙwarya. "Babba." Ƙwal. Can ya jawo ƙullin da taubashinsa ya dawo da shi, ya baza, ya duba, sai ya fashe da dariya har yana dafe ƙirji.

"Wallahi dambun ne! Amma kada wanda ya gaya masa."

Da idon ya warke, ya ce shi da kansa zai kai kayan Fassi. Na goya shi a babur. Damina ta yi kyau, gonaki sun yi shar, kuma tafiyar nan ba mu yi ta da sauri ba, don kowane lokaci sai ya dafa kafaɗata in tsaya. Ya ga gyaɗar wani ta yi fure. Ya ga zabi suna tsallaka hanya. A wani wuri ya sauka ya tsaya kallon shanun Fulani, yana faɗa min wace saniya ce take da ciki.

Taubashinsa yana zaune a ƙofar gida muka isa. Baba ya miƙa masa ƙulli biyu, ya tsaya yana ƙare masa kallo.

"Ikon Allah! Ashe haka ka yi muni ban sani ba? Da na san abin da zan gani ke nan, da ban yarda an taɓa ni ba."

Taubashin ya rungume shi, suna dariya suna share ido. Aka kawo fura mai sanyi da nono. Baba ya leƙa cikin ƙwaryar, ya sa tsinke ya fitar da wata 'yar tururuwa, ya ɗaga ta sama yana nuna wa kowa.