Igiyar Lawwali Mai Awon Ruwan Sama

Jama'a, a gyara zama, a kawar da takalma daga hanya! Ga Lawwali ɗan Dawce, Sarkin Gwangwani, ministan ruwan saman Matameye da kewaye, wanda sama ba ta isa ta zubar da ɗigo bai sa mata hannu ba. Fadarsa rumfar kara ce a bayan ofishin noma. Rundunarsa akuya ɗaya, ita ma ta maƙwabta ce.

Gaskiyar magana, gardi ne, wato mai gadi. Ya yi cin rani goma sha ɗaya a Kano yana tallan igiya, har ƙirjinsa ya fara kuka, matarsa Sa'a ta ce ya isa haka. Aka ɗauke shi tsaron ƙofa, aka haɗa masa da wani gwangwani mai mazurari da ke kafe kan ƙarfe a tsakar fili. Kowace safiya ƙarfe takwas zai juye abin da ya taru a kwalba mai zane, ya duba. In an yi ruwa, ya rubuta kwanan wata da milimita a kaye, wato littafin ofis, don lamba kaɗai ya iya. In ba a yi ba, ba ya ɓata takarda.

Amma hannun mai tufka ba ya zama banza. Tun ranar shukar fari yake soma igiyar kaba, kullum ya ƙara mata faɗin yatsu huɗu. Ranar da aka yi ruwa ya ɗaura ƙulli, babba in ya jiƙa ƙasa, ƙarami in yayyafi ne. Ni nakan ce masa, "Baba, wannan carbin naka ko aljani sai ya gaji." Shi dai tufkarsa yake.

Ni ne Idi, wanda ya bar lakwal, makarantar boko, a aji biyar bayan saɓani da mushe malaminmu kan wane ne ya fi wani surutu. A damunar tamanin da huɗu akawun ofis ya kwanta ciwo, aka tuna ina da rubutu mai kyau, aka ba ni alƙalamin bik da takardar watan bakwai in kwafe kayen Lawwali a aika Damagaram.

Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane ba. Soja ke mulki, fari na cin ƙasa. In motar jandarma ta gifta, ko mai tallan ƙosai sai ta haɗiye kiranta. An ɗauke mai tsaron mangaza, rumbun hatsin gwamnati, da rana tsaka saboda takardarsa ba ta cika ba, wata huɗu iyalinsa ba su san inda yake ba. Abin da ke kaina ke nan sa'ad da na buɗe kayen.

Takardar gwamnati gida talatin da ɗaya gare ta, kowace rana da nata. Kayen Lawwali lamba huɗu kacal. Ran biyu ga wata, sha huɗu. Ran uku, tara. Daga nan shiru, sai ran ashirin da takwas, talatin da uku. Ran talatin, shida. Na dubi gidaje ashirin da bakwai wayam. A lakwal duk gidan da ka bari fanko bulala ce. To ina ga soja?

Abu ɗaya na fito da shi daga lakwal, rabawa. Na haɗa, sittin da biyu. Na raba gida talatin da ɗaya, ya tashi biyu cif, ko saura babu. Na ce wannan ai daga Allah ne. Na jera biyu, biyu, biyu, tun daga sama har ƙasa kamar tsaki sun bi uwarsu. Ban ƙara ɗigo ba, ban rage ba. Lawwali ya dangwala yatsa a ƙasan takardar bai ko duba ba, don ya yarda da ɗan lakwal.

Bayan sati uku labari ya zo cewa motar hatsin agaji ta wuce mu, tunda a takarda kullum ana mana ruwa. Manoman Dungu da Ɗan Barto suka taru ƙofar kumandan mai mulkin gari, kowa riƙe da karan gero busasshe wanda bai kai gwiwa ba. Kumandan ɗin soja ne, kapitan, siriri mai baƙin tabarau. Ya ce ɗaya daga biyu, ko manoma na yi wa gwamnati ƙarya, ko mai gwangwani. Wanda ya yi kuwa zai ga Damagaram ta bayan mota.

Da hantsi jandarma biyu suka zo. Lawwali yana tufkar ranar, ya ce su bari ya ƙarasa yatsunsa huɗu, kuma abin mamaki suka bari. Ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa. Sa'a ta biyo su da zane a hannu tana cewa, "Malam, ko ruwa ba ka sha ba!" Ni ina bayan katanga, ƙafafuna na cewa Najeriya ba nisa. Amma ƙafafun nan suka bi bayansu, ban san da izinin wa ba.

A biro, wato ofishin kumandan, ba abin da ke motsi sai ƙuda. Bindiga ƙarama na kan tebur, ta danne takardata.

"Tsoho, yatsanka ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kullum ana ruwa a garin nan?"

"A'a."

"To ka yi wa gwamnati ƙarya."

Lawwali ya kai hannu kafaɗa. Ya sauke igiyar, ya miƙa wa jandarma bakinta, ya ja da baya yana warwarewa har ya kusa ƙofa inda nake leƙe. Sannan ya bi ta da yatsa.

"Nan ruwan biyu ga wata. Ga na uku manne da shi. A kansu mutane suka sake shuka." Yatsansa ya ci gaba da tafiya kan igiya santal, ba ƙulli, yana tafiya, yana tafiya. "Kwana ashirin da huɗu. Gero ya mutu a nan, wajen na sha biyar. Wannan babban ƙullin da ya zo daga baya, kan gawa ya zuba."

Kapitan ya cire tabarau. Ya taso da kansa ya auna da yatsunsa, yana ƙirgawa da faransanci. Ya koma kan takarda ya haɗa biyu-biyun nan, ya buɗe kaye ya haɗa lamba huɗu.

"Jimla ɗaya ce," ya ce.

"Ranka ya daɗe, in aka ba ka furar wata guda a rana ɗaya, aka ce sai wani watan, jimla ɗaya ce."

Jandarman da ke riƙe da igiya ya sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, tsoho ya sayi gidan kaso da bakinsa.

"Wa ya rubuta biyu-biyun?"

Lawwali ya dubi bango.

"Na ce wa ya rubuta? In ba ka faɗa ba, kai ne. A kawo mota."

Na ji an tada injin a waje. Na ji Sa'a ta fasa salati. Sai na ji wata murya kamar ta ɗan akuya ta ce, "Ni ne, mon kapitan." Na waiga in ga wane wawa ne, ashe ni ne.

Ya daɗe yana kallona. "Don me?"

"Gidajen ne ba kowa ciki, na ji tsoro."

"Tsoron wa?"

Wannan tambaya ba ta da amsar da mutum zai bayar ya kwana gida. Ya tura mini sabuwar takarda da bik. Nan tsaye na rubuta lamba huɗu a ranakunsu, na cika sauran da sifiri ashirin da bakwai, babu guda da ya fito da'ira. Ya ce tunda na iya rabo, in motar hatsi ta juyo ni kaɗai zan sauke ta, kafin nan kuma zan jira ta a kaso. Tsoho ya tafi gida.

Da jandarma ya tasa ni gaba muka fito, na ga Lawwali tsugune a baranda yana naɗe igiyarsa. Baki dai ba ya jin magana. Na ɗaga hannu na ce, "Gaishe ka namijin duniya, mai ɗaure kapitan da kaba! Baba, yau da ni da kai mun ceci ƙasarmu ta Kance gaba ɗaya!"

Bai ɗago kai ba.

"Ɗaga ƙafarka," ya ce, "ka taka mini watan takwas."