Ƙusoshi Takwas na Muntaka Maƙeri

Ranar da aka kawo bindigar, hadari ya rufe Jidda tun hantsi, iska ta tsaya cik, gumi na bin bangon gidajen tsohuwar unguwar Balad. A shekarar 1988 ne. Ni Bawa ina ɗinki a rabin shago, Muntaka yana ƙira a ɗaya rabin.

Mutumin Damagaram ne. Ya zo aikin Hajji a 1976 bai koma ba, kuma bai taɓa riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ba, haka ni ma. Butocin gahawa yake gyarawa da makullan tsofaffin akwatuna. Ba ya son hayaniya, ko tari yake yi sai ya kare baki.

Hamad, dillalin kayan tarihi, shi ya shigo da ita naɗe cikin darduma. Bindigar sojan Turkawa ce, bakinta a toshe, wani attajiri zai rataye a falonsa. Ƙotarta ta taɓa tsagewa, aka ɗaure da farantin ƙarfe da ƙusoshi takwas irin waɗanda ake danne kansu da guduma. Biyu suka rage. Hamad ya ajiye ƙunshin sababbi na kasuwa, masu kai a baje.

Muntaka ya shafa tsofaffin da ɗan yatsa. "Waɗannan kansu a dunƙule yake kamar rabin wake. Naka ba na zamaninta ba ne."

Hamad ya ce, "Ya Hajji, wa zai duba? Yalla, maza buga, halas, shi ke nan, in tafi da ita."

"Ni zan duba. Ba ni kwana huɗu in ƙera."

Da Hamad ya fita na ce, "Yaya Muntaka, ba ka da takarda, ga bindiga ƙarƙashin benci. Kana so a kwashe mu?" Ya ce, "Bawa, in tsoro kake ji, je ka yi ɗinkinka a gida."

Ban tafi ba, amma ban yi ɗinkin kirki ba. Kowa ya gifta ƙofa sai in ɗaga kai in duba. Shi ma duk takun takalmi sai ya ajiye guduma ya saurara. Ƙusa ɗaya sai ta ci masa rabin yini, yana goge kan da magagari yana gwadawa da tsohuwar.

Rana ta uku aka ce ana duba takardu a layin bayanmu. Saura ƙusa biyu. Na ɗauko na Hamad na tura masa. "Don Allah buga waɗannan, mu aika masa yanzu." Ya dube su, ya mayar cikin ƙunshi.

Ni na bi ta ƙofar baya na shige masallaci. Shi 'yan sanda suka tarar da bindiga a cinya.

Kwana arba'in ba mu san inda yake ba. Daga baya Hamad ya kai takardar attajirin, aka tabbatar kayan ado ce, maganar makami ta mutu. Maganar iƙama kuwa ba ta da magani, aka sa shi jirgi da rigar da ke jikinsa.

Yanzu, a 2011, Muntaka yana Damagaram wurin ɗiyarsa Zinariya. Idanunsa sun yi rauni, ya bar ƙira.