Golanmu na Farko a Getso

Jiya a filin ƙwallon Getso na hango Yaya Idi zaune bayan raga, sandarsa a cinya. Shi ne golanmu na farko, tun lokacin da muka sare ƙayar wurin muka kafa turakun darbejiya. Yanzu idonsa ya tafi, ba ya gani.

Na durƙusa muka gaisa, na ce, "Yaya, har yanzu ba ka fashin zuwa fili?"

Ya yi dariya. "Kunne ai yana nan. Da can kowane ɗan wasa da muryarsa nake gane shi. Yau har 'yan Kabo ke buga mana, ban san muryar kowa ba. Wallahi daɗin ke nan."

Na zauna gefensa muka saurari wasan tare.

Ku wa ya share filin garinku? Kuna gaishe shi kuwa?