Turaren Wutar Inna da Ƙararrawar Silin

Shekarun baya, ina sabuwar samun lasisin renon yara a gidana da ke Glenwood a ƙasar waje, mahaifiyata ta zo daga Maraɗi ta zauna da mu. Yaran da nake riƙewa na matan da ke fita aiki tun da sassafe ne, wasu asibiti, wasu kamfani. Lasisin nan shi ne abincina, kuma mai duba gidajen reno ba ta faɗin ranar zuwanta.

Sai na koma kamar mai jiran surukai. Na kulle magunguna da sabulun wanki a kabad, na toshe duk wani soket, har butar banɗaki na sa doka a juye ruwanta a rataye. A raina, duk ƙwaƙƙwafin mutum ba zai samu abin rubutawa a gidan nan ba.

Mahaifiyata kuwa nata shirin daban. A wurinta, gidan da ke tsammanin baƙo ba ya zama babu turaren wuta. Kullum kafin yara su iso nakan kai maigidana wurin aiki, in dawo in tarar gida ya ɗauki ƙamshi. Daɗi kawai nake ji. Ni mai wayo, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ƙararrawar hayaƙin da ke silin ba ta ihu ba.

Wata rana da hantsi sai ga mai dubawar. Tana shigowa ta yaba ƙamshin gidan, na fassara wa mahaifiyata, ta hau murmushi. Matar ta bi kabad, gadajen jarirai, firji, duk lafiya. Daga nan ta ari tsintsiya mai sanda ta danna maɓallin ƙararrawar. Shiru. Ta hau kujera ta buɗe, ciki wayam.

Na ce, "Inna, ina batirin abin nan?"

Ta ce, "Au, pil ɗin? Ai abin nan ba shi da kunya, da na sa turare sai ihu. Na cire masa. Amma ban yar ba." Ta kwance haɓar zaninta ta miƙa wa matar batirin da hannu biyu.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta nuna inda yara ke barcin rana, daidai ƙarƙashin ƙararrawar, ta ce dole ta rubuta. Ta ce garwashi ba zai sake shiga gidan ba, kuma za ta dawo. In ta sake samun haka, lasisina na iya tafiya. Da yamma da bakina na gaya wa iyayen yara, kunya kamar in nutse.

Mahaifiyata ba ta yi musu ba. "Ashe na kusa rufe miki sana'a, 'yar nan," shi ne kawai ta ce. Washegari ta fita da kaskon turarenta waje, can bayan gidanmu. Duk sanyin da ake yi, can take tsayawa ta turara zannuwanta, ta kashe wutar, sannan ta shigo ta ɗauki yara.

Da matar ta dawo ta danna, ƙararrawa ta tsala ihu, jarirai duk suka farka suna kuka. Ban taɓa jin hayaniyar da ta yi mini daɗi haka ba.

Har yau ina reno, kuma ba na jin haushin matar, gaskiyarta ce. Ina danna maɓallin nan da kaina yanzu, na kuma daina yarda da shirun da ban san dalilinsa ba.

Bayan mahaifiyata ta koma Maraɗi, wata nas 'yar Jos ta zo ɗaukar ɗanta. Ta shinshina wuyansa ta ce, "Anti, kun canza sabulu ne? Ya daina ƙamshin nan da yake dawo mini da shi."

Na ce mata ba sabulu ba ne, zanin Inna ne.