Kunnen Bakanike

A ɗakin yara na asibiti, daura da gadon da nake jinyar ɗan ƙanwata, akwai wani ƙaton mutum da kujerar roba ke kuka in ya zauna. Ina jin bakanike ne, don ya wanke hannu har ya gaji, amma baƙin mai na nan maƙale a farcensa.

'Yarsa ba ta kai yaye ba. An yi mata aikin zuciya, ga ɗinki a tsakiyar ƙirji.

Nas ta miƙo masa magani a sirinji marar allura. "Baban yarinya, kada a tsallake lokaci. Jijiyoyin jinin huhunta a tsuke suke, zuciyar na wahalar tura jini. Wannan zai sassauta su."

Ya gyaɗa kai. "Na gane, 'yar'uwa. An gyara inji, saura tiyo ya buɗe."

Yatsun da suka saba da noti mai tsatsa, ga su riƙe da ɗan sirinji. Yana ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan, yana cewa, "Haɗiye, uwata, haɗiye."

Akwai na'ura a saman gadon tana nuna bugun zuciyar, amma ko kallonta ba ya yi. Sunkuyawa yake, ya kai kunne dab da ɗinkin, ya rufe ido, ya daɗe yana saurare.

Da ya ɗago muka haɗa ido. "Inji ya tashi," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, kamar kada zuciyar ta ji ta fasa.