Sunan da Na Ara wa Ƙanena

Mu 'yan ƙauyenmu da muka yi boko, sunanmu na biyu ɗaya ne a takarda, kuma ba sunan mutum ba ne, sunan ƙauyen ne. Haka abin ya samo asali tun zamanin iyayenmu. Yaro zai je makarantar kwana a Daura ko Katsina, malami mai rajista ya tambaye shi sunan ubansa, yaro ya sunkuyar da kai, domin a wurinmu ɗa ba ya kama sunan uba da bakinsa. Sai malami ya gaji ya ce, "To, daga wane gari kake?" Abin da yaro ya faɗa shi za a rubuta, kuma shi zai bi shi har kabari.

Ƙauyen namu yana can bayan Baure, ba shi da komai sai rairayi da gero, amma Allah ya yi masa arzikin mutane. Mun fitar da alƙali, da likitan fiɗa a Katsina, da babban jami'in kwastan, da mai karanta labarai a rediyo. Babu wanda ya haɗa jini da wani. Alƙalin ɗan liman ne, likitan ɗan mahauta, na kwastan kakansa baƙo ne daga Damagaram, mai rediyon kuwa gidan makaɗa ya fito. A ƙauye ko auren juna gidajen nan ba sa yi. Amma a birni duk wanda ya ga sunan sai ya ɗauka 'ya'yan mutum ɗaya ne.

Ni ne na biyar, malamin firamare a Daura, mai tsohon keke. Kuma na ci moriyar sunan nan, ba zan ɓoye ba. A layin asibiti, a shingen hanya, da an karanta katina sai a ɗago kai a ce, "Me kake ga wane?" Ni kuma in yi murmushi in ce, "Ai gida ɗaya ne." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. Na ɗauke shi wayo.

Ƙanena bai yi boko ba, saboda haka ba shi da sunan. Korar shanu yake yi. A ba shi dabba a kasuwa, ya kai ta inda aka ce, a sallame shi. Ba shi da magana, kuma tun yana ƙarami abin da na ce shi ne daidai a wurinsa, don ni ne mai karatu a gidan.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ina cikin waɗanda suka yi kabbara ranar har muryata ta dushe, wani mutum ya ba shi sa a kasuwar Mai'adua ya ce ya kora masa wajen Kwangwalam. Ashe na sata ne, kafin ya kai, masu dabbar suka cim masa. Mutumin da ya ba shi ya ɓace. Suka yi masa dukan da sai da ya ce shi ya sata don su bar shi da rai, ya kuma maimaita a ofishin 'yan sanda.

Na iske shi a can zaune a ƙasa, ido ɗaya a kumbure. Ɗan sanda na cike takarda, ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ya tambayi na uba, ƙanena ya sunkuyar da kai kamar yadda muka gada. Sai ni, gwanin wayo, na yi caraf na faɗi sunan ƙauyenmu da ƙarfi, yadda duk ofishin zai ji.

Ɗan sandan ya tsayar da biro. "Me yake ga alƙali?"

"Ai gida ɗaya ne," na ce.

Nan take aka kwance masa ankwa, aka kawo masa ruwa. Na koma ƙauye ina jin kaina, na ce wa Inna, mahaifiyarmu, ta kwantar da hankalinta, na gama maganar.

Kwana uku bai cika ba, babu teburin mai shayi a Daura da ba a cewa ƙanin alƙali ya saci sa. Lokacin mutane sun fara gunaguni cewa Shari'ar nan kan talaka kawai take sauka. Samarin da suka tsaya kai da fata a kan Shari'a suka ce to, ga ranar gwaji ta zo, za su cika kotu su gani da idonsu. Shari'ar kuwa gaban alƙalin namu aka kai ta.

Wani tsohon magatakardan kotu, maƙwabcina, ya kira ni zaurensa ya yi mini bayanin abin da ban sani ba. Ya ce yanke hannu ba ya tabbata da sauƙi. Idan iƙirarin mutum ne kaɗai hujja, alƙalin kirki yakan buɗe masa ƙofa, ya tambaye shi, "Ko dai ba sata ka yi ba? Ko tilasta ka aka yi?" In ya janye maganarsa, haddi, wato yanke hannun, ya faɗi. Ya ce alƙalin nan an san shi da yin haka ga kowa. Sannan ya dube ni ya ce, "Ga kowa, malam, ban da wanda gari ke cewa ƙaninsa ne."

Na tafi gidan alƙali da la'asar. Bai ce in zauna ba.

"Kai ne ka ce ɗan'uwana ne?"

"Allah ya gafarta Malam, suna ne ya zo ɗaya."

"Sunan nasa ne?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"In na sauka daga shari'ar, na tabbatar masu da ƙaryarka. In na sassauta, sun ce na ci amanar Allah. Ka ɗaure ni, ka ɗaure shi. Tashi ka ba ni wuri."

Ko a nan ban hankalta ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na ce a zuciyata faɗan manya ne, a gaban jama'a zai san yadda zai yi. Da na ga ƙanena kafin a shiga kotu, maimakon in gaya masa ya ce dukansa aka yi, sai na ce, "Kada ka yi gardama da alƙali. Duk abin da ya tambaye ka, ka amsa da ladabi. Namu ne."

Kotu ta cika har tagogi. Aka karanta iƙirarin. Alƙali ya ce, "Kai ka faɗi wannan?"

Ƙanena ya waiwayo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

Na tsaya ina jiran tambaya ta biyu. Alƙali ya daɗe yana kallon takardar da ke gabansa, har na ga leɓensa ya motsa. Tambayar ba ta zo ba. Ya yanke hukuncin hannun dama, waje ya ɗauki kabbara, irin wadda na taɓa yi.

Daga nan na bi sauran 'yan gidan namu na ƙarya ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya saurare ni a tsaye a barandar asibiti, ya ce iyakar abin da zai iya shi ne, in an kawo yaron, ba shi zai riƙe wuƙar ba. Na kwastan na yini a ƙofarsa, aka ce yana taro. Mai rediyon shi ya karanta labarin da bakinsa, da muryar nan tasa mai daɗi, ya faɗi sunan farko ya haɗiye na biyu. A rediyon maƙwabta Inna ta ji, tun kafin in sami ƙarfin zuwa in gaya mata.

Ba a yanke hannun ba. Hukuncin sai manya sun sa hannu a Katsina, su kuma ba su sa ba, ba su kuma soke ba. Takardun ɗaukaka ƙara suka kwanta a wani ofis. Ƙanena ya zauna gidan yari yana jira, kowace safiya in ya ji ƙarar mota a ƙofa sai ya zaci shi aka zo ɗauka. Inna ta rasu a shekara ta huɗu. Ba ta taɓa zagina ba, ta dai daina tambayata shawara a kan komai.

A wata ziyara na kai masa tuwo, sai na ga ya sa hannun hagu a kwano, na daman yana cikin riga. Na ce, "Kai, lafiya? Da hagu?"

Ya ce, "Koyo nake, Yaya. Kada ranar ta zo ta same ni ban iya ba."

Na fita na tsaya bayan katanga na yi kuka, na farko tun da aka fara.

A shekara ta shida wani kwamitin rage cunkoso ya zagayo, aka sa shi cikin waɗanda aka saka. Ya fito da hannuwansa biyu, amma na daman ya rame, yatsun sun lanƙwashe, ko igiya ba ya iya damƙewa. Korar shanu ta ƙare. Har yau da hagu yake cin abinci, shi kaɗai, domin a ƙauye babu mai son haɗa kwano da shi.

Ranar sakin, gandiroba ya tsaya a ƙofa yana kiran suna. Ya kira na ƙanena haɗe da sunan ƙauyenmu, sunan alƙali da likita da ni. Sau biyu yana kira ba a amsa ba, sai da wani ya zungure shi. Ya karɓi takardar sallama, ya fito, ya tsaya a gabana. Bai iya karatu ba, amma ya san inda sunan yake.

"Riƙe, Yaya," ya ce. "Naku ne. Ni a kira ni da sunan Baba."

Da hagu ya miƙo mini. A wurinmu ba a miƙa wa babba abu da hagu sai in raini ake nufi. Na sa hannu biyu na karɓa. Ko sabo ne, ko nufi ne, har yau ban sami bakin tambayarsa ba.